Zauren Tambaya: Faɗa-wutar da ake haifa ba baki

Assalamu alaikum. Makon nan wasiƙunku kusan duk hanya ɗaya suka bi. Tun da hoton nan ya shiga yawo a Facebook da WhatsApp, na wata ƙatuwar faɗa-wuta da ta rufe tafin hannun mutum har ta zarce, ban sake samun hutu ba. Har a ƙofar masallacin unguwa, bayan la'asar, sai da wani dattijo ya zaro waya ya nuna mini. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilimin halittu tsakanin Tawa da Ƙwanni da Madawa, 'yan aji ba su taɓa matsa mini da tambayar ƙwari kamar yadda manya suka matsa mini a kwanakin nan ba. To, bismillah. Zan fara da wasiƙar da ta fi taɓa ni, ko da yake ba a kan hoton take ba.

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki. A watan Agusta 'yata mai shekara tara ta tsinci wani babban malam-buɗe-littafi manne a bangon zaure da sassafe. Faɗinsa ya kai tafin hannun babanta, launinsa ƙasa-ƙasa da fari, ga wasu tagogi a fukafukansa kamar gilashi. Ta sa shi a kwali, ta huda masa ramuka, kullum ta jiƙa auduga da ruwan sukari ta aje masa, har ganyen zogale ta tsinko. Bai taɓa komai ba, kwana biyar ya mutu. Har yau tana cewa ita ta kashe shi da yunwa. Me ya kamata mu ba shi? *Daga wata uwa, unguwar Garkawa, Tawa.*

Amsa: 'Yata, ki kira mini jikata ki zaunar da ita, ki ce Baba Malam ya ce babu alhakin kowa a wuyanta. Ko zuma farar saƙa ta aje ba za a lasa ba, domin babu bakin lasar. Haka Allah ya yi wannan halitta.

Amma bari in fara da gyaran suna, ciwon tsohon malami ke nan. Abin da ta kama faɗa-wuta ce. A lakwal, da Faransanci, suna ɗaya muke ba su, sai mu liƙa wa ɗayan "na dare", alhali Hausa ta raba su tun kaka da kakanni. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka ya haɗe fukafukai sama, ya buɗe ya rufe, ƙahonninsa sirara masu ɗan kai kamar tsinken ashana. Faɗa-wuta galibi 'yar dare ce, jiki kauri ga gashi, in ta sauka sai ta shimfiɗa fukafukai. Su ne ma suka fi yawa, nesa ba kusa ba: an san iri wajen 160,000, su kuwa malaman ba su wuce 20,000 ba.

Tagogin nan da kika ambata su suka tona ta. Ina kyautata zaton wadda masana ke kira Epiphora bauhiniae ce, ana samun ta a wannan yanki namu na Sahel tun daga Senegal har Sudan, tsutsarta ganyen magarya da kurna take ci. Ki duba, da wuya a ce babu ɗaya daga cikin itatuwan nan kusa da gidanku. Sunan danginsu Saturniidae, kuma duk 'yan gidan abu ɗaya ya haɗa su: da zarar fukafukai sun fito, cin abinci ya ƙare. Yawancin sauran 'yan uwansu suna da wani siririn bututu naɗe a ƙarƙashin kai kamar gammo, da shi suke tsotsar ruwan fure. Na waɗannan ya shanye, sai ɗan gurbi.

To da me take rayuwa? Da guzuri. Duk cin da za ta yi a duniya tun tana tsutsa ta gama shi. Makonni take yi a kan reshe ba ta da aiki sai ci dare da rana, tana tara kitse, kamar maigidan da ya cika rumbu da kaka ya san ba sauran noma. Ran da ta fito daga gidan silikinta an daina zubawa, sai ɗiba. Duk kaɗa fiffike ɗaya daga rumbun ake biyan sa. Shi ya sa za ki ga ta wuni a bango ko motsi babu, yaro ya zo ya ɗauke ta ba gardama. Tattali take yi. Mako guda, in ta daɗe biyu, guzuri ya ƙare. Kwana biyar da ta yi a kwalin jikata, a haɗa da waɗanda ta riga ta yi kafin a tsince ta, kwananta ne suka cika.

Abu ɗaya kawai kwalin ya hana ta, shi ma ki faɗa wa yarinya a hankali. 'Yan kwanakin nan na aure ne: ta mace ta sami miji ta yi ƙwai, namiji ya sami mata. Saboda haka in an sake tsintar wata, a kalle ta a ƙoshi, a ɗauki hoto, da magariba a ɗora ta a reshen magarya inda kaji ba za su kai ba. In kuwa jikata kiwo take so, tsutsar za ta nema cikin damina, mai kauri kamar yatsa. Ita kam za ta ci ganye har mai tsinkowa ta gaji. Da rani kuma ta riƙa ɗaga kai a gindin magarya, wataƙila ta hangi wata 'yar jaka rataye a reshe. Kada ta tsinke ta, mai gidan na ciki tana jiran ruwa.

Tambaya: Mushe, ni tsohon ɗalibinka ne, yanzu ina gyaran waya a Wadata. Hoton nan mun yi musu a kansa a shago. Ni na ce aikin kwamfuta ne, don yanzu ba abin da ba a haɗawa, ga shi har an zana mata kan maciji biyu a bakin fukafukai. Abokina ya ce gaskiya ne. Mun ce wanda ya faɗi shi zai sayi shayin mako guda. Wa zai saya? *Daga Yamai.*

Amsa: Ɗana, ban koya muku irin wannan cinikin a aji ba, amma nemo kuɗin shayi da sukari, kai ka faɗi. Ƙwaron na nan da ransa, kawunan macizan ma nasa ne.

Sunanta Atlas, a littafin masana Attacus atlas. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin da ya shimfiɗa tsarin raɗa wa halittu suna, shi ya sa mata shi a 1758. Wasu sun ce daga wani ƙato na tatsuniyar Girkawa ya ɗauko, wanda ke ɗauke da sama a kafaɗa. Wasu sun ce zanen fukafukanta ne ya yi kama da taswira. Ni na fi son na biyun, don kowane ɗan lakwal ya san littafin taswira da wannan suna, ga shi kuma mu ma da littafi muka siffanta ɗan uwanta na rana.

Ina da guda a bangon ɗakina, busasshiya cikin gilashi. Wani maƙwabcina mai zuwa Gwanzu, can ƙasar Sin, sayen kaya shi ya kawo mini tsaraba, ya ce da ya gan ta a kasuwa ni na faɗo masa a rai, ban san ko yabo ne ba. Na ɗora mata rula: santimita 21 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, daidai faɗin farar takardar da ake buga wasiƙa a ofis. Wadda nake da ita matsakaiciya ce, manyan mata suna kai 24 har 25. Launinta ja-ja ne mai duhu kamar jan kanwa, da ratsin baƙi da fari da ruwan hoda, kowane fiffike da taga mai kusurwa uku da ake hango yatsa ta bayanta. Jikin kuwa ɗan ƙarami ne a tsakiyar wannan shimfiɗa, kamar yaro cikin babbar rigar babansa. Bakin fiffiken gaba ya lanƙwasa waje, da ɗigon baƙi a matsayin ido da jan layi a matsayin baki. Mutanen kudancin Sin, can wajen da maƙwabcina ke zuwa, da harshensu "mai kan maciji" suke ce mata. In an dame ta takan faɗo ƙasa ta riƙa kaɗa fukafukai sannu sannu, kawunan na lilo, kuma masana na ganin tsuntsu take ba tsoro. Ba ta cizo, ba ta harbi, ba ta da dafi. Barazana ce kawai ta wanda ba shi da ko sanda.

Ƙasarta Asiya: Indiya, kudancin Sin, Tailan, Malesiya, tsibiran Indunusiya, har wani ɗan tsibiri a can kudancin Japan mai suna Yonaguni, inda suke alfahari da ita. Adarawan da suka yi bida a Abijan sun san abin da ake nufi da kurmi: itace kan itace, ganye kore shekara zagaye, rigar da ka shanya da safe har yamma da sauran danshi. A da dama daga cikin wuraren nan ruwan shekara ya haura milimita 2,000. Mu a Tawa, in mun sami 400 cikin wata uku zuwa huɗu sai mu ce an yi damina. Ba ta dage sai dajin da gatari bai taɓa shiga ba. Tana zama a dajin da aka sare ya sake tohowa, da lambunan 'ya'yan itace, har cikin birnin Singafo ana tsintar ta. Sharaɗinta biyu ne, ɗanyen ganye da ba ya yankewa, da iska mai ɗumi da laima.

Ga yadda rayuwarta take. Uwar takan manna ƙwai a bayan ganye, fiye da ɗari, kowane kamar ƙwayar hatsi, milimita biyu da rabi. Bayan kamar mako biyu tsutsa ta fito. Ganyen lemo, gwaiba, kirfa da wasu itatuwa da dama, duk tana ci. Fata ba ta girma da ita, sai ta yi saɓa kamar maciji, sau biyar, kowane karo ta fito da sabuwar riga mai faɗi. A ƙarshe tsawonta ya haura santimita 11, kaurinta biyu da rabi, ka kwatanta da babban yatsanka. Koriya ce fara-fara, da ƙayoyi masu laushi a baya, jikinta buɗu-buɗu da wani farin kaki kamar wadda ta faɗa kwanon gari. In tururuwa ko ƙadangare ya matsa mata, takan fesa wani ruwa mai wari.

In ta ƙoshi ƙoshin ƙarshe, sai ta zaɓi ganye ta naɗe shi a jikinta ta saƙa gida na siliki, santimita 7 zuwa 8. Abin da ke burge ni a nan shi ne tana fara ɗaure gindin ganyen ga reshe da zare, don ko ya bushe ya tsinke gidan ba zai faɗo ba. Wa ya gaya mata ganye na bushewa? Wajen mako huɗu take yi a ciki, jikin tsutsa ya narke a sake gina wani. Ran fitowa fukafukan a cukuikuye suke kamar tufa da aka matse daga wanki. Sai ta rataya, ta riƙa tura ruwan jikinta cikin jijiyoyinsu har su miƙe, ta jira su bushe. In aka taɓa ta a wannan sa'a, ko reshe ya tare ta, haka za ta ƙare da karkataccen fiffike.

Ta macen nauyin ƙwai ya yi mata yawa, ba ta son tashi, galibi nan kusa da gidanta take zama. Da dare sai ta saki wani ƙamshi daga ƙarshen cikinta, wanda hancinmu ba ya ji. Namijin ya fi ta ƙanƙanta, amma ƙahonninsa faɗi ne kamar gashin tsuntsu, da su yake shaƙa, kuma yana jin kiran daga nisan kilomita da dama ya biyo iska. Wani Bafaranshe mai nazarin ƙwari, Jean-Henri Fabre, ya ba da labarin yadda wata 'yar danginsu ta Turai ta ƙyanƙyashe a gidansa ya kife ta da kwandon waya. A daren nan maza wajen 40 suka cika masa gida, cikin dare takwas ya ƙirga 150. Shi ya yi zargin ƙamshi ne, amma bai gano sinadarin ba har ya mutu. Sai a 1959 wani Bajamushe, Adolf Butenandt, ya tace sinadarin irin wannan kira daga faɗa-wutar siliki ta gida, bayan an yi amfani da mata wajen 500,000 don a sami ɗan abin da bai cika bakin cokali ba.

Ka ga dai duk rayuwar wata uku ce ko ƙasa da haka, rabin ta ci ne, ita kuwa wadda ta ba ku mamaki a hoto mako ɗaya zuwa biyu gare ta. Duk faɗin nan da ka ce kwamfuta ta zana, ganyen kurmi ne tsutsa ta tauna. Ka gaida abokin naka, ka ce ya sha shayinsa lafiya.

Tambaya: Malam, Atlas ita ce mafi girma a duniya? Malaminmu ya ce e, na ga wani wuri an ce a'a. *Daga wata ɗalibar lise, Harobanda, Yamai.*

Amsa: 'Yata, ya danganta da inda aka ɗora rula. In daga baki zuwa baki ne, wata mai suna Thysania agrippina, da ke dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu daga Meziko zuwa Barazil, ta fi ta: tana kai santimita 28 har kusan 30, sai dai fukafukanta sirara ne. In kuwa shimfiɗar fiffike ake aunawa, kamar yadda ake auna gona, to Hakulis ce kan gaba, Coscinocera hercules, ta kurmin arewacin Ostareliya da tsibirin Niyu Gini, mai faɗin santimita 27 da shimfiɗa har murabba'in santimita 300. Atlas na cikin mafiya girma ta kowace fuska. Kada ki je ki kunyata malaminki a gaban aji, ki same shi a gefe.

Da ni aka ba zaɓi, ta Madagaska zan ɗauka, Argema mittrei. Rawaya ce shar, namijin na da faɗin santimita 20, ga wutsiya biyu masu tsawon 15 kamar jelar tauraro mai wutsiya. Gidan silikinta hudajje ne kamar rariya, ana ganin don ruwan kurmi ya zurare ne kada ya nutsar da na ciki. Wutsiyar ma ba ta ado kaɗai ba ce. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan wata 'yar uwarta ta Amurka ya nuna wutsiyar na juyawa a iska ta ruɗar da jemage, wanda da amsa-kuwwa yake farauta, sai ya kai cafka ga jela ya bar jiki. Ita ta Madagaska kwana huɗu zuwa biyar kawai take yi.

Tambaya: Baba, na ji ana samun siliki a jikinta. Ina da lambu a bakin kogi da itatuwan lemo da gwaiba. In na sa aka kawo mini ƙwanta daga waje, ba zan iya kiwo in sayar da zare ba? *Daga wani matashi, Yamai.*

Amsa: Ɗana, na yaba da kan da ke neman ƙofar arziki a inda wasu ke kallo kawai. Amma riƙe kuɗinka. Da farko, shigo da ƙwaro mai rai daga wata ƙasa ba abu ne da ake sakawa a aljihu a wuce duwan da shi ba, akwai dokar kare tsirrai, kuma dokar na da gaskiya: tsutsa ce mai cin ganyen lemo da gwaiba, 'yan kaɗan sun isa su tsige ƙaramin itace. Na biyu, hunturu zai busar da su, wanda ya tsira zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40 ya ƙarasa shi. Sai ka gina musu ɗaki mai laima da sanyi, kuɗin wuta kaɗai ya cinye ribar.

Na uku shi ne zaren kansa. Tsutsar siliki ta gida, wadda Sinawa suka yi dubban shekaru suna kiwo, zare ɗaya tak take saƙa gidanta da shi, mai tsawon ɗaruruwan mita, a jiƙa a ruwan zafi a warware shi sumul. Na Atlas a tsittsinke yake, launin ƙasa, mai kaushi kamar ulu. A Indiya ana yin sa kaɗan-kaɗan, suna ce masa fagara, a Taiwan kuma akan mai da gidan kansa 'yar jakar kuɗi don ƙarfinsa. Bai taɓa zama babbar kasuwa ba.

Abin da ya sa na daɗe a kan tambayarka shi ne mu ma muna da namu silikin daji, mun manta. Ka taɓa jin rigar tsamiya? Kakana na da guda, sai sallah take fitowa daga adaka, in ya sa ta ba yaron da ke matsowa da hannun miya. Zaren nan mai ruwan ƙasa-ƙasa daga gidan wasu tsutsotsi yake, na dangin da masana ke kira Anaphe, waɗanda ke taruwa da yawa su saƙa babban gida ɗaya, kowa da ɗakinsa a ciki. Ana dafa shi da toka ya yi laushi, a wanke, mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga, a yi aikin wuyan riga da shi ko a saƙa. Yarabawa ma na da shi, suna ce masa sanyan. Ita ma ta magarya da na ba wa 'yar Garkawa labari tana yin siliki, Faransawa sun gwada shi a Senegal tun ƙarni na 19, masana a Sudan kuma sun yi nazarin kiwonta. Wannan ba ta tsoron hunturu, magarya kuwa ba sai ka ba ta ruwa ba. Ban ce za ka yi kuɗi ba. Na ce in gwaji kake so, ga na ƙofar gida, kuma ka fara da tsofaffin masu ɗinkin hannu, ka ji ko akwai mai saye kafin ka tara tsutsa.

Tambaya: Malam, ni manomi ne. In irin wannan ƙatuwar tsutsa ta iso ƙasarmu, hatsi zai tsira kuwa? *Daga yankin Illela.*

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan uwa. Ganyen itace take ci, ba ruwanta da hatsi, kuma ko a mota aka kawo ta ba za ta ga damina ta biyu ba. Wadda ke cin ka tana nan tun tuni, ba ta kai kan ɗan yatsa ba, shi ya sa ba mai ɗaukar hotonta. Murzuna nake nufi. Ita ma 'yar faɗa-wuta ce, ƙarama mai ruwan ƙasa. Tana kwance cikin ƙasar gonarka duk rani, in ruwa ya zauna ta fito, ta yi ƙwai a kan zangarniya tun tana sabon fitowa, tsutsar ta bi ta ciki tana yanka, ta bar zanen nan mai murɗewa da ka sani. Masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maradi sun daɗe suna yaƙar ta da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. A 'yan buhunan algarara ake kai shi ƙauye a rataye kusa da gonaki, ya fito da kansa ya bazu. Ka tambayi ma'aikacin gona na yankinku tun kafin hatsi ya yi ciki, don in ka ga zane a zangarniya an riga an makara.

Tambaya: Me ke kai su faɗawa wuta? Kuma gaskiya ne ƙurar fiffikensu na makantar da ido? Kakarmu ta hana mu taɓawa. *Daga wasu yara biyu, Keita.*

Amsa: Jikokina, na yi shekaru ina gaya wa 'yan aji cewa fitila suke ɗauka wata ne. Haka aka koya mana. A 2024 wasu masana daga Ingila da Amurka suka ɗauki ƙwari da kyamara mai saurin gaske, a ɗakin gwaji da cikin kurmin Kosta Rika, suka ga wani abu dabam. Ƙwaro mai tashi da dare bayansa yake juya wa haske, domin tun da aka halicce shi sama ce ta fi ƙasa haske, da haka yake sanin ina ne sama. In ya zo kusa da fitila sai ya ɗauke ta sama ce, ya juya mata baya, ya yi ta kewaya ta ya kasa fita, in ta koma ƙarƙashinsa ya kife ya faɗo. Ashe ba son wutar yake ba, ruɗewa ce. Na tuna daren da nake gyaran takardun jarrabawa a Madawa da fitilar ƙwai, na tashi da safe na share mudu guda a kan tabarma, ina ta yi musu tsiyar wauta. Ku gaya wa babanku ya sa wa fitilar waje 'yar rumfa ta haska ƙasa kaɗai, kuma a kashe ta in an shiga barci.

Ƙurar kuwa ƙananan ɓawo ne jere a kan fiffike, ɗaya bisa ɗaya kamar na kifi, su ke ba shi launi. Tagogin Atlas wuraren da ba su da ɓawon ne. Ba ta makantarwa, amma in ta shiga ido za ta yi ƙaiƙayi kamar kowace ƙura, wasu kuma takan sa su atishawa. Ku wanke hannu in kun taɓa. Kakarku dai ku bi maganarta, don ɓawon da ya goge ba ya sake fitowa, kuma akwai tsutsotsi masu gashi irin gizaka da ke sa jiki borin gaske.

Masu tambaya ko za su iya zuwa ganin ta bangona, ku zo bayan la'asar, ban da Juma'a. Yara uku-uku, kuma hannu a baya, gilashin ya riga ya tsage a kusurwa tun zuwan 'yan makarantar allo na bara.